Daga Bakin Rumfa: In An Tura Ɗiyarka Aikin Asibiti Bakin Teku

 

Maganar wannan mako ta 'ya'yanmu ce da suka karanci aikin lafiya. Duk sa'ad da gwamnati ta fitar da wuraren da ta tura sabbin ma'aikatan asibiti, gida iri biyu za ka gani a Adjamé da Treichville. Gidan da aka bar ɗansu cikin Abijan, ana rabon goro. Gidan da aka tura ɗiyarsu wani ƙauye bayan Grand-Lahou ko Sassandra kuwa, sai ka rantse rasuwa aka yi. Uwa na kuka, uba ya ɗauki waya yana neman wanda ya san wani a ma'aikatar lafiya. Ni dai a ganina mu bar yaran nan su tafi, amma mu raka su da shiri. Zan faɗi dalili, zan kuma faɗi wahalar da ke ciki, ba zan shafa mata zuma ba.

Da farko mu tuna yadda yaro ke kaiwa wannan matsayi. Makarantar INFAS, wadda ke horar da malaman asibiti da ungozomomi, tana nan cikin harabar babban asibitin Treichville, tana kuma da rassa a garuruwa irin su Bouaké da Korhogo da Aboisso. Sai yaro ya ci bak, ya ci jarrabawar shiga da ake kira konkur, sannan ya yi shekara 3 yana karatu. Akwai kuma wani shinge da ya fi taɓa mu baƙi, wato takardar ɗan ƙasa. Tun 1972, haihuwa a Kodebuwa kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko kuma an bi hanyar doka an samu. Yara nawa ne masu kai suka tsaya a nan? To wanda Allah Ya tsallakar da ɗiyarsa duk waɗannan, ya dace ranar da aiki ya zo ya ce ba za ta je ba?

Yanzu mu dubi wurin da kansa. In ka fita Abijan ta Yopougon ka wuce Dabou, ka hau hanyar da ake ce wa Côtière. Grand-Lahou kamar kilomita 150 ne, sai Fresco, sai Sassandra, sai San-Pédro wajen kilomita 350, daga can kuma Tabou, dab da iyakar Laberiya. Da can direbobi na tsoron hanyar nan saboda ramuka, amma an gyara ta kafin gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2024. Jacqueville ma da sai an jira jirgin fito, tun 2015 akwai gada. Sai dai ba a bakin kwalta wahalar take ba. Ƙaramin asibitin ƙauye yana can ciki, bayan gonakin kwakwar manja da roba da koko, a hanyar jar ƙasa wadda ke zama taɓo daga Mayu zuwa Yuli. Wasu ƙauyukan ma suna kan siririn yashi tsakanin teku da lagun, sai da kwalekwale ko pinas. Misali Lahou-Kpanda, tsohon garin Grand-Lahou da ke bakin kogin Bandama: teku na cin garin kaɗan-kaɗan, har maƙabarta ba ta tsira ba.

A irin wannan asibiti galibi babu babban likita. Malamin asibiti ne da ungozoma, da wani mai taimaka musu. Malamin shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro, shi ne mai ɗinkin wanda adda ta sara a gona ko ƙugiya ta shige wa hannu, shi ake kawo wa wanda maciji ya sara. Ya kula da firjin allurar rigakafi kada ya mutu, don in sanyi ya yanke allurar ta lalace. Ya hau babur da akwatin ƙanƙara ya bi rugagen manoma yana yi wa jarirai allura. Ƙarshen wata kuma ya zauna ya cika takardun rahoto ya kai gunduma. Ranar 15 ga Yuli 2024 Kodebuwa ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21. Sau huɗu ake yin ta. Wa kuke tsammani zai bi uwa har bukkarta ya tuna mata saura ta uku da ta huɗu? Ai waɗannan yaran namu ne.

Ita ungozoma ba ta da dare ba ta da rana. Gidanta na jikin asibiti, ƙarfe biyun dare a buga ƙofa. Yawancin haihuwa lafiya lau ake yi. Amma ranar da jini ya ɓalle wa mace, ko jariri ya zo a gicciye, sai an kai babban asibitin gunduma inda ake tiyata da ƙarin jini. A nan ne za a nemi mai mota, ko mai pinas, a nemi kuɗin mai, miji na can cikin teku bai dawo ba. Yarinya 'yar shekara ashirin da biyar ce za ta yanke shawara a wannan dare, ita kaɗai. Wannan gaskiya ce, kuma duk uban da ya ji tsoro a kanta bai yi laifi ba.

Akwai wata wahalar da ba a cika faɗa ba. Tun 2012 gwamnati ta ce kula da mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. An kuma kawo inshorar lafiya ta CMU, jika ɗaya a wata ga kowane mutum, wadda ta fara aiki a 2019. Madalla. Amma ranar da magani ya ƙare a kanta, malamin ya rubuta takarda ya ce a je a saya, ba gwamnati mutanen ƙauye ke gani ba, shi suke gani. Sai a fara gunaguni wai ya sayar. Sai mai haƙuri da riƙon amana.

To me ya sa duk da haka nake cewa su tafi?

Na ɗaya, mu ne fa jikokin waɗanda suka taka daga Kano da Katsina da Adar zuwa Salaga da Bondoukou neman goro, wata da watanni bisa ƙafa da jakai. Yawancinmu mun sauka Abijan ba mu san ko bonjur ba. Yau garba, abincin da duk ƙasar nan ke ci, sunanmu yake ɗauke da shi. Mutumin da ya bar Tawa ko Maraɗi yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kwana a baranda a Treichville, shi ne zai ce Fresco ta yi nisa? Haba Alhaji!

Na biyu, can ma akwai namu. Babu garin da za ka shiga a bakin tekun nan ba ka tarar da Bahaushe mai tebur ko mai nama ko mai shayi ba, balle San-Pédro. Matansu da yawa ba sa jin Faransanci, wasu kuma kunya ba ta barin su faɗa wa namiji abin da ke damunsu, sai su zauna gida har abu ya yi nisa. Ranar da irin wannan mace ta ji ungozoma ta ce mata "Sannu baiwar Allah, ina ke miki ciwo?", rabin cutar ta tafi. Kuma yaron da ya tashi a Adjamé yana da Hausa, yana da Jula, yana da Faransanci. Da Jula zai yi magana da manoman koko 'yan Burkina da Mali. Sauran harsuna, na Avikam a Grand-Lahou, na Neyo a Sassandra, na Fante masunta 'yan Gana, gaisuwa kawai zai fara koya, ƙofa ta buɗe. Mu 'yan kasuwa mun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Na uku, akwai bashi a wuyanmu. Kowa ya san Roxy a nan Adjamé, inda ake zuba magani a faranti kamar gyaɗa, har hukuma ta kai samame a 2017. Irin wannan magani yana bin kaya har ƙauyukan bakin teku. Uwa ta sayi ƙwaya biyu a tebur, yaro ya kwana uku yana zazzaɓi, sai jininsa ya ƙare sannan a kawo shi asibiti. In wasu daga cikin 'yan kasuwa sun taimaka wajen wannan ɓarna, ai alheri ne a ce daga gidajen 'yan kasuwa aka samu masu gyara.

Saura shirin da na ce. Kada ka ba kowa kuɗi wai zai sauya mata wurin aiki, masu cin irin wannan kuɗi sun fi masu iyawa yawa. Ka rufe rumfa kwana biyu, ka kai ta da kanka. Ka gai da mai gari, ka nemi sarkin Hausawa ko limamin wurin, ka damƙa masa amanarta, kamar yadda aka damƙa ka hannun mai gida ranar da ka zo. In da hali, a haɗa ta da ƙanwa ko gwaggo ta watannin farko. Ku saya mata fitila mai aiki da rana, gidan sauro, takalmin ruwa, in wurin na pinas ne har da rigar da ke hana nutsewa. Ku sani kuma sabon ma'aikaci kan yi watanni albashi bai fara sauka ba, sai daga baya a biya shi a dunƙule. A wannan lokaci ku ne za ku tura mata ta Wave ko Orange Money, ba ita za ta turo muku ba. Ku kuma samari masu neman aure, wanda ya ga ungozoma ya ce yana so, ya san da aikinta ya gan ta. A yi wannan magana a fili tun kafin a kai goro.

Hajiya, ke ma ki share hawaye. Kuka a waya kullum ba ya ƙara mata komai sai karyewar zuciya. Ki tambaye ta haihuwa nawa ta karɓa a makon, ki sa mata albarka. Bayan 'yan shekaru tana iya neman sauyin wuri ta hanyar da doka ta tsara, kuma za ta dawo da hannun da ya ƙware, irin wanda zaman birni kaɗai ba ya bayarwa.

Wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke aiki a can, ya rubuto mana yadda suke ciki, mu ƙaru da juna. Allah Ya tsare mana su a tudu da ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.