Wasiƙar Akawu Daga Gwashi: In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba, domin in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta a kan rubutun sanarwa, watau takardar da ofis ya ke aika wa 'yan jarida da gidajen rediyo don su yaɗa wa jama'a.

Abin da ya tayar da maganar, an aiko mini wani ɗalibi ya koyi aiki a hannuna. Da na duba takardarsa ta fari sai na ga kaina, don kuwa irin kuskuren da na yi ke nan a 2010, sa'ad da ni ma aka tura ni wani ofis sanin makamar aiki.

Masu karatu ba su manta da shekarar nan ba. A cikin watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Yargalma. Da aka auna jininsu aka tarar gubar dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa don neman zinariya yana haɗe da dalma, mutane kuwa a cikin gida su ke daka shi, su niƙa. Ƙurar ta bi tsakar gida, yaro mai rarrafe ya shafa, ya kai hannu baki. Daga nan sai amai, sai farfaɗiya, sai ajali. Yaran da suka rasu sun haura 400.

To, ran nan aka ce in rubuta sanarwa a kan wannan al'amari. Ni kuwa a makarantar Mishan na yi karatu, ina taƙama da Turanci. Na zauna na cika shafi biyu. Na fara da yabon manya da suka kai ziyara, na jero sunayensu da muƙamansu, sa'an nan can ƙarshe na ambaci dalma a layi guda. Na kai wa wani dattijon akawu da ke ofishin, ina jiran yabo. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, in da ƙanwarka ce ke dakan dutsen nan da goyo a bayanta, wane layi ne a nan zai ceci ɗanta?" Na duba sama da ƙasa, na rasa. Na ce, "Baba, babu." Ya ce, "To, ba ka rubuta kome ba tukuna."

Na koma na rubuta da Hausa, magana huɗu tak: kada a daka dutsen ma'adini a cikin gida; kada a niƙa shi a injin da a ke niƙa hatsi; mai aikin ya wanke jikinsa, ya sauya tufafi kafin ya shigo; yaron da ya kama amai ko farfaɗiya a kai shi asibiti maza. Sunayen manya suka koma ƙasa.

Amma fa akwai inda na kāsa, kuma ba zan ɓoye ba. Wani na gaba da ni ya ce in cire sunayen ƙauyukan, wai kada a kunyata ƙasarmu a idon baƙi. Ni ɗalibi ne, ina jiran ya sa hannu a littafin aikina, sai na cire. Har yau abin yana ci mini rai, gama mutumin da bai ji sunan garinsu ba ya kan zaci da wasu a ke. Ɓoye ciwo kuwa ba ya warkar da shi. Ga Bagega, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta aka zuba sabuwa. A 2015 kuma irin wannan masifa ta auka wa yara a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Saboda haka ga abin da na gaya wa ɗalibina, shi na ke gaya muku. Ka fara da abin da zai amfani mai ji, yabo ya biyo baya in da sauran fili. Ka faɗi wuri da rana da adadi yadda su ke, kada ka ƙara, kada ka rage. Ka rubuta da harshen mutanen da abin ya shafa, ka karanta da ƙarfi ka ji ko tsohuwa za ta gane. In an ce ka shafe gaskiya, ka ba da hanzarinka cikin ladabi, kada ka yi shiru kamar yadda na yi.

Ku kuma manyanmu masu karɓar ɗalibai, ku tuna abin da yaro ya gani a ofis na fari shi zai ɗauka har tsufansa. Allah ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya tsare na baya, amin.

Naka a kullum,
Akawu, Gwashi.