Sabon Ƙauye A Tsakiyar Kwala Lumfur: Abin Lura Ga Mutanen Zango

Yau muna so mu kawo muku labarin wata unguwa a ƙasar Malesiya, domin al'amarinta ya yi kama da namu ƙwarai.

Kwala Lumfur, babban birnin ƙasar, asalinsa sansanin masu haƙar kuza ne, an kafa shi wajen 1857 a mahaɗar koguna biyu, Klang da Gombak. Da gari ya soma cika da baƙi, sai a 1899 Sarkin Selangor da Turawan Ingila suka keɓe wa Malayawa, watau 'yan ƙasa Musulmi, fili wajen eka 220 don su zauna su yi noma. A 1900 aka buga wannan a takardar Gwamnati, aka kuma sa doka cewa ba mai mallakar filin sai Bamalaye. Sunan wurin Kampung Baru, ma'anarsa Sabon Ƙauye, kamar yadda mu kan ce Sabon Zango.

To, gari ya yi ta girma har ya kewaye ƙauyen. A 1998 aka gama tagwayen benaye na Petronas, masu hawa 88, daga ƙofar gidajen katako na ƙauyen ana hangensu tsallaken kogi. Fili ya yi tsadar da ba ta misaltuwa, amma ba a iya korar mutanen ba. Me ya tsare su? Rubutu ne, da doka wadda ta ambaci filinsu da iyakarsa. Wannan shi ne darasi na farko.

Na biyu kuwa ya fi ɗaci. A 2011 majalisar ƙasar ta yi doka ta kafa hukumar da za ta sake gina unguwar. A 2019 Gwamnati ta taya filin ringgit 850 kowace ƙafa ɗaya tsawo da faɗi, daga baya ta ƙara zuwa 1,000. Ciniki bai faɗa ba. Wasu sun ce kuɗin ya yi kaɗan, wasu ba su son rabuwa da gidan kakanninsu, kuma duka suna da hujja. Amma akwai wata cuta a ƙarƙashi: gado da ba a raba ba. Mai gida ya rasu ba a raba ba, 'ya'yansa suka rasu ba a raba ba, har fili guda ya zama na magada masu yawa, wasu ma ba a san inda suke ba. Irin wannan gida ba ya sayuwa, ba ya ginuwa, kuma ba mai iya tsayawa gaban hukuma ya ce da bakin masu shi yake magana.

Darasi na uku game da taswirar gari ne. Hukumar birni ita ke zana inda za a yi gidajen kwana, inda za a yi kasuwa, inda hanya za ta bi, da iyakar tsawon bene. A Kwala Lumfur an baje wa jama'a zanen farko a 2008 don mai ƙara ya kawo, amma ba a tabbatar da shi ba sai 2018, kuma mutane suka yi kukan an canja abubuwa a tsakani. Duk da haka waɗanda suka karanta takardun sun amfana. Mutanen unguwar Taman Tun Dr Ismail sun kai hukumar birni ƙara don ta ba da izinin gina benaye a filin shan iska na Taman Rimba Kiara, a 2023 kuwa babbar kotun ƙasar ta tabbatar da soke izinin.

Wani zai ce, ai gari ba ya tsayawa don mutum, tilas a yi hanya da magudanar ruwa da asibiti. Gaskiya ne, mu ma ba mu ƙi ba. Wanda ya ga lungunan Nima a Ankara ko zangon Kumasi da damina ya san muna bukatar gyara. Abin da muke cewa shi ne, a yi gyaran da mu a zaune a wurin shawara, ba sai an shafa jan fenti a bango mu ji labari ba. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka muna roƙon kowane mai gida ya nemo takardar filinsa ya duba sunan wa ke ciki. Yawancin zangunanmu sarakunan ƙasa ne suka ba kakanninmu, galibi da baki da shaidu, shaidun kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Gidan da ba a raba gadonsa ba, a taru gaban malamai a raba bisa shari'a, a rubuta, a kai ofishin filaye. Sa'an nan Sarkin Zango da dattawa su zaɓi samari masu ilmin boko su riƙa zuwa majalisar gari duk ran da aka baje taswira, su komo su karanta mana bayan Juma'a.

Allah ya tsare mana gidajenmu, ya haɗa kanmu, amin.