Ra'ayinmu: Sunan Gari a Taswira Amana Ce, Ko da a Wasa Ne

Masu buga wasannin mulki da yaƙi na kwamfuta suna da wata gardama da ba ta ƙarewa: wane suna ya dace a rubuta wa gari a taswirar da ta koma baya shekaru ɗaruruwa? Ƙasar Rasha ce ta fi fito da matsalar fili. Birnin St. Petersburg a 1703 aka kafa shi, aka mai da shi Petrograd a 1914, ya koma Leningrad a 1924, sannan ya karɓi sunansa na fari a 1991. Tsaritsyn ya zama Stalingrad a 1925, ya zama Volgograd a 1961. Wasan Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013, yana farawa ne daga 1444 ya tsaya a 1821. Wanda ya rubuta Volgograd a irin wannan taswira ya ɗora wa kaka sunan jika.

Wannan gardama ta shafe mu, domin ƙasar Hausa tana cikin waɗannan taswirori. Kano da Katsina da Zazzau suna cikin wancan wasa, Daular Sakkwato kuma tana cikin Victoria 3 da ya fito a 2022, wanda ke farawa daga 1836. Ka ɗauki ɗalibi ɗan garin Ɗan Isa da ya samu aron kwamfutar yayansa a Ƙauran Namoda. Abin da zai fara yi shi ne ya ja taswirar zuwa yammacin Afirka, ya matso da ita, ya dinga bin ta da yatsa yana neman gida. Sunan da ya gani a wurin shi zai riƙe, wataƙila fiye da abin da malami ya rubuta masa a allo.

To, wane suna ne gaskiya a wannan yanki namu? Amsar tana bin shekara. Kafin tsakiyar ƙarni na 18, Birnin Zamfara ne fadar Zamfarawa. A shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci birnin, suka kafa Alƙalawa ta zama hedikwatarsu, sarautar Zamfarawa kuma ta yi ta sauya mazauni, ta ratsa Kiyawa kafin daga baya ta tabbata a Anka. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a wannan yaƙi, kuma cikin jagororin rundunar akwai Namoda, wanda Ƙauran Namoda ke ɗauke da sunansa. Ke nan sanya Ƙauran Namoda a taswirar 1444 kuskure ne, haka ma Sakkwato da Muhammadu Bello ya gina a 1809, haka ma Gusau da ta kafu a zamanin jihadi. Barin Alƙalawa tana fadar Gobir a taswirar 1836 shi ma kuskure ne, don a lokacin ta riga ta faɗi. Ƙasa ɗaya, cikin shekara hamsin, ta sauya hannu sau biyu.

Masu ganin a sassauta suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Suna cewa wasa ba littafin tarihi ba ne. Dole mai tsara taswira ya haɗe garuruwa da yawa cikin lardi guda, ya ba shi suna ɗaya da zai ɗauki kusan shekara ɗari huɗu. Dole kuma ya zaɓi sunan da mai wasa a Barazil ko Jamus zai iya nema ya samu. Suna ƙarawa da cewa iyakokin ƙasashen Hausa na da ba layi ba ne da aka ja da rula. Iko yana bin ganuwa da haraji da mubaya'a, yau gari yana bin wannan sarki, gobe ya juya. Ko masana ma ba bakinsu ɗaya ba a kan wasu shekarun. Sannan wasan nan ya sa dubban matasa da ba su taɓa jin sunan Katsina ba sun san akwai ta. Wannan riba ce, kuma gaskiya ce.

Amma masu cewa a tsananta sun fi kusa da abin da muka sani a jikinmu. Mun ga yadda suna ke gurɓacewa a hannun baƙo, ya zauna daram. Bature matafiyi Clapperton, da ya ratsa Zurmi a 1824 a tafiyar da ya yi don ganin Sarkin Musulmi Bello, ya rubuta Sakkwato da "Sackatoo". Wani matafiyin, Barth, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, shi ma ya rubuta sunayen yadda kunnensa ya jiyo. Turawan mulki suka mai da Tsafe "Chafe", Faransawa suka mai da Tsibiri "Tibiri". Ɗan Isa kanta, da zarar an cire wa harafin farko lanƙwasarsa, ta zama "Dan", kalmar da ba ta nufin ɗa. Ba sai an yi da mugun nufi ba. Ruwa ne ke cin katanga a hankali.

Sunayen namu kuwa kundi ne. Ana kiran sarkin Zurmi Sarkin Zamfara, na Anka ma Sarkin Zamfara, na Ƙauran Namoda Sarkin Kiyawa, na Gusau Sarkin Katsina. Kowace sarauta daga cikinsu tana ba da labarin wani yaƙi, ko ƙaura, ko tutar da aka bayar. Wanda ya share duka ya rubuta suna guda bisa iyakar Jihar Zamfara, wadda sai 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro ta, ya rufe wannan kundi. Kuma a yau da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a yankunan Zurmi da Shinkafi, dattawan da suka san asalin sunan kowane tudu da kowace fadama suna watsewa a garuruwan da ba nasu ba. Abin da ba a rubuta ba yana tafiya tare da su.

Matsayinmu shi ne wannan. Mun yarda mai tsara wasa ya taƙaita iyaka, ya haɗe larduna, domin taswira ba ta ɗaukar kowane ƙauye. Ba mu yarda ya sa sunan da bai wanzu ba a zamanin da yake nunawa, ko ya fifita rubutun baƙo a kan na masu gari. Dabarar gyara tana nan: a Europa Universalis IV sunan lardi yana iya sauyawa gwargwadon wanda ke mulkinsa, masu wasa kuma suna iya gyara sunaye da kansu. Abin da ya yiwu ga biranen Turai zai yiwu ga Birnin Zamfara da Alƙalawa.

Sai dai babban nauyin a wuyanmu yake. Mai zane a Suwidin abin da ya samu a rubuce yake ɗauka. Muna kira ga sassan tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da masarautun Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda, su haɗa jerin sunayen garuruwa da shekarunsu da ingantaccen rubutunsu na Hausa, su sa shi a intanet inda kowa zai samu. Malaman makaranta su tura ɗalibai wurin kakanninsu da takarda da biro. Muna da abin koyi: Sarkin Musulmi Bello ya bai wa Clapperton taswirar ƙasarsa da aka zana a fadarsa, aka buga ta a Landan a 1826. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma shi ya fi cancanta ya faɗi sunan ɗakinsa.