Ruwan Ɗorawar Danja: Shirin Tsayawa Ne Ko Na Tsere?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar titi mai danja a ɗaya daga cikin manyan biranenmu, zai lura da wani abu. Da zarar koriyar fitila ta mutu, mai ruwan ɗorawa ta kama, sai ka ji kukan injuna ya ƙaru maimakon ya ragu. Mai mota na taka totur, mai babur na murɗa hannu, kowa na son ya tsallake kafin ja ta kama. A nawa ganin wannan ɗabi'a kuskure ce babba, kuma wani ɓangare na tushenta yana cikin ajin firamare, inda ku ɗalibai masu koyon malanta za ku tsaya gobe.

Bari mu fara da dalilin samuwar wannan fitila. Danjar farko da aka kafa a birnin Landan a shekarar 1868 launi biyu gare ta, ja da kore. Sai a shekarar 1920 wani ɗan sanda mai suna William Potts, a birnin Detroit na Amurka, ya shigo da ruwan ɗorawa tsakaninsu. Dalili kuwa shi ne, mota mai gudu ba ta tsayawa nan take, dole a ba direba ɗan lokaci ya taka birki kafin a ba wasu hannu. Yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a Biyana a shekarar 1968 ta fayyace hukuncin: idan ruwan ɗorawa ta kama ita kaɗai, kada direba ya ƙetare layin tsayawa, sai fa idan ya riga ya matso har ba zai iya tsayawa lafiya ba. Ke nan asalin hukuncin shi ne tsayawa, wucewa kuwa rangwame ne don lalura.

To, ina aka sami matsala? A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin laifin wata kalma. Mun saba gaya wa yara cewa ja na nufin tsaya, kore na nufin wuce, ruwan ɗorawa kuma na nufin shirya. Amma 'shirya' aikatau ne da ke neman ciko. A shirya me? Wanda ke tafe ya ɗauka shirin tsere ne, wanda ke jira a ɗaya hannun, idan ya hango ta, ya ɗauka shirin tashi ne. Shi wancan ya ƙara wuta, shi wannan ya saki birki tun kore ba ta kama ba, sai su yi kiciɓis a tsakiyar mahaɗa. Hasali ma, ita kanta kalmar 'danja' aro ce daga Ingilishi mai ma'anar haɗari, kuma jar fitila muke danganta ta da ita, kamar dai babu haɗari sai ja ta kama.

Lissafi kaɗan zai nuna girman lamarin. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ruwan ɗorawa kuwa yawanci daƙiƙa 3 zuwa 6 take yi. Kafin direba ya gani, ya yanke shawara, ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa guda ta wuce. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa sau huɗu. Saboda haka wanda ya ƙara wuta ya sayar da damarsa ta tsayawa, ko da yaro ɗan makaranta ne ya sako ƙafa a titi.

Wani direba zai ce, "In na taka birki, na bayana zai dake ni." Maganarsa tana kan hanya, kuma don haka ne aka yi rangwamen da muka ambata. Wanda ruwan ɗorawa ta riska a bakin layi, ya wuce da gudun da yake kai, kada ya ƙara, kada kuma ya ci birki ba zato. Sai dai maganin wannan tsoro tun daga nesa yake farawa. Idan ka hango kore ta daɗe a kunne, ka san ta kusa mutuwa, sai ka sassauta, ka dubi madubi, ka bar tazara tsakaninka da na gaba. Hon ɗin na baya ba hujja ba ce. Jiran minti ɗaya ko biyu ya fi jinyar wata shida, domin masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

A ƙarshe, kira nake yi gare ku malaman gobe. Yaran da za ku koyar su ne direbobin jibi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kun zo darasin alamomin hanya, kada ku bar kalmar 'shirya' ita kaɗai a kan allo. Ku cika jimlar, ku ce: ruwan ɗorawa, tsaya idan za ka iya tsayawa lafiya. Wannan ɗan gyara bai fi kalmomi bakwai ba, amma yana iya tsare ran wani.