Zauren Iyali: Birnin da Alƙiblarsa Take Yamma

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan tafiya da iyali zuwa ƙasa mai nisa, da irin karatun da yaro yake samu a cikinta. Abin da muke son jawo hankalin iyaye a kansa guda ɗaya ne: yawancin ƴaƴanmu sun taso ba su rarrabe tsakanin abin da yake addini da abin da yake sabon garinsu, kuma wanda bai rarrabe waɗannan biyu ba, shi ne gobe yake saurin ɓatar da ɗan'uwansa musulmi.

A babban hutun makaranta da ya gabata Allah ya nufe mu da yin kwana goma a Kwala Lumfur, babban birnin ƙasar Maleziya, kuma wannan ne karon farko da ƙafarmu ta taka gabashin Asiya. Tafiyar doguwa ce, domin sai an canja jirgi a hanya, sannan agogonsu ya riga namu da awa 7. Idan ana haramar azahar a Yamai ko Maraɗi, su tuni sun yi isha'i. Ma'anar sunan birnin a harshen Malai ita ce mahaɗar koguna mai laka, saboda a inda kogin Kelang ya haɗu da kogin Gombak ne masu haƙar kuza suka kafa zango wajejen shekarar 1857. A daidai wannan mahaɗa Masallacin Jamek yake, wanda aka buɗe a 1909, kuma har yau ana salla a cikinsa.

Duk baƙon da ya shigo birnin, dogayen benaye ne suke fara ɗaukar idonsa. Tagwayen benayen Petronas da aka kammala a 1998 suna da hawa 88 da tsawon mita 452, kuma su ne mafiya tsawo a duniya har zuwa 2004. A 2024 aka buɗe wani benen mai suna Merdeka 118, wanda ya haura mita 678. Yara sun yi ta ɗaga kai har wuyansu ya gaji. Amma babban darasin tafiyar a cikin ɗakin masaukinmu muka same shi. A jikin rufin ɗakin akwai wata ƴar kibiya da aka rubuta «Kiblat» a gefenta, kuma wajen faɗuwar rana take nuni. Ƙaramin cikin yaran ya ce: «Baba, ashe mutanen ƙasar nan baya suke juya wa gabas?»

Tambayar tana da dalili. A bakinmu gabas da alƙibla sun kusa zama kalma ɗaya, har idan za a ce mutum ya bar salla sai a ce ba ya kallon gabas. Hakan ya samo asali ne daga kasancewar ƙasashenmu suna yamma da Makka. Wanda yake Maleziya kuwa, Makka tana yamma da shi, da ɗan karkata zuwa arewa. Sai muka shimfiɗa taswira, muka nuna wa yaran cewa mutumin Istanbul kusan kudu yake fuskanta, na Zanzibar kuma arewa, kuma dukkansu ɗaki ɗaya suke nufi. Muka tuna musu cewa Manzon Allah da sahabbansa sun yi wata goma sha shida ko sha bakwai a Madina suna fuskantar Baitul Maƙdis, kafin umurni ya zo a juya zuwa Ka'aba. Abin da ake bi shi ne umurnin Allah, gabas kuwa wurin zamanmu ne ya sa ta zama tamu.

Darasi na biyu a sallar asuba ya zo. Mutanen Maleziya mazhabar Imamu Shafi'i suke bi, yayin da galibin mutanen yankinmu suke kan mazhabar Imamu Malik. Limaminsu yana bayyana bisimilla kafin Fatiha. A raka'a ta biyu, bayan ya ɗago daga ruku'u, sai ya ɗaga hannuwa ya yi alƙunutu a bayyane, mamu suna amsawa da amin, alhali malamanmu sun karantar da mu yin alƙunutu a asirce kafin ruku'u. Yaron da bai taɓa jin labarin wannan ba zai ɗauka liman ya yi rafkanuwa. Muka bayyana musu cewa Imamu Shafi'i almajirin Imamu Malik ne, a gabansa ya karanta Muwaɗɗa a Madina. Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, Shafi'i kuma a ta 204, kuma saɓanin da ke tsakaninsu a irin waɗannan mas'aloli bai hana almajiri girmama malaminsa ba. Mun yi salla a bayan limamansu da natsuwa, musamman ranar Juma'a a babban Masallacin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1965, mai ɗaukar masallata 15,000.

Bayan bambanci kuma sai kamanni suka fara bayyana. Sunayen ranakunsu daga Larabci suke kamar namu: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu da Ahad. Suna da rubutun harshensu da haruffan Larabci, wanda suke kira Jawi, daidai da ajaminmu, har a jikin takardun kuɗinsu na ringgit ana ganinsa. Musulunci ya kafu a wurinsu ne ta hanyar fatake da malamai, musamman a zamanin daular Malaka a ƙarni na 15, kamar yadda Wangarawa suka shigo da shi Kano. Ko a wajen abinci, akwai wani gasasshen nama a tsinke da suke kira sate, ana cinsa da miyar gyaɗa, wanda yaran suka ce tsire ne aka canja wa suna. A hanyar filin jirgi kuma gonakin kwakwar manja ne iyakar ganin ido, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne, aka fara nomansa don kasuwa a can a 1917.

Uwargida kuwa abin da ya fi burge ta shi ne yadda aka sauƙaƙa wa mace ibada a wajen gida. A manyan kantuna da tashoshi da wuraren hutawa na kan hanya akwai ɗakin salla da suke kira surau, sashen maza daban, na mata daban, da wurin alwala da mayafan salla a rataye ga wadda take buƙata. Wannan abin koyi ne ga kwamitocin masallatanmu da na kasuwanninmu, inda mace takan wuni tana jiran ta koma gida kafin ta rama sallolinta.

Duk da haka, kada wanda zai je ya zaci kowa a ƙasar musulmi ne. Ƙidayar 2020 ta nuna musulmi sun ɗan haura kashi 63 cikin ɗari, sauran kuwa akwai mabiya addinin Buda da Kirista da Hindu, galibinsu ƴan asalin Sin da Indiya. Saboda haka kafin a shiga gidan abinci sai an duba tambarin halal na hukumar JAKIM. Mun koya wa yara su riƙa dubawa da kansu, mun kuma hana su nuna mai wani addini da yatsa ko yi masa dariya. Zaman tare da ake gani a birnin bai zo a sauƙaƙe ba, domin a ranar 13 ga Mayu 1969 an yi rikicin ƙabilanci da ya ci rayuka masu yawa, kuma tun daga nan suke kaffa-kaffa da juna.

Ga mai niyyar irin wannan tafiya, muna ba da shawara uku. Ta farko, ya tanadi katin allurar shawara na kowa, domin ana nemansa ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Ta biyu, ya tambayi malami hukuncin ƙasaru kafin ya tashi, domin a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari cika salla zai yi. Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, kada ya ci bashi don yawon buɗe ido, kada kuma ya gabatar da shi a kan farilla. Su kansu mutanen Maleziya sun kafa asusun Tabung Haji a 1963 domin talaka ya riƙa tara kuɗin aikin hajji sannu a hankali, ba tare da ya sayar da gonarsa ko dabbobinsa ba.

Wanda kuma Allah bai hore masa kuɗin jirgi ba, darasin bai wuce shi ba. Taswirar duniya ɗaya a bangon zaure ta isa a nuna wa yaro inda Makka take da inda sauran musulmi suke. Haka nan akwai maƙwabci mai sakin hannu a salla da mai kamewa a kowace unguwa, kuma yadda uba yake ambaton wanda ya saɓa masa a cikinsu, haka ɗansa zai tashi yana ambatonsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya haɗa kawunan musulmi a duk inda suke.