Gidan reza na ƙarfe ya fi reza mai baki biyar dacewa da fatar baƙin mutum da aljihunsa

Duk mai aske fuskarsa a gida da irin rezar nan ta zamani mai baki uku ko biyar ya san yadda cinikin yake. Mariƙin ba shi da tsada, sau da yawa ma a haɗe yake zuwa da kai ɗaya ko biyu. Sai bayan sati biyu ko uku, idan bakin ya dakushe ya fara jan gashi, sannan mutum zai gane inda kuɗin yake. Kan da ake canzawa shi ne mai tsadar, kuma na wani kamfani ba ya shiga mariƙin wani. Wanda ya sayi mariƙi ya zama kwastoman dole.

Akwai hanyar fita, kuma tsohuwa ce: gidan reza na ƙarfe, wanda ake kwancewa a saka reza guda mai baki biyu, irin wadda ake sayarwa a teburin kowane mai kayan tireda. Dattawan da suka yi aikin soja, ɗan sanda ko jirgin ƙasa sun san shi sarai. Ga mafi yawan mazan da ke aski da kansu a ƙasar nan, komawa gare shi ya fi alheri, ta fuskar kuɗi da ta lafiyar fata.

Abin mamaki, kamfanin da ya yi suna da reza mai baki da yawa shi ne ya yaɗa gidan rezar tun farko. King Camp Gillette, ɗan Amurka, ya kafa kamfaninsa a 1901, ya sami rajistar mallakar ƙirar a 1904. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar sojin Amurka ta raba wa dakarunta kayan askin Gillette, suka koma gida da ɗabi'ar aske fuska da kansu. Da wa'adin mallakar ya ƙare, kowa ya shiga yin reza mai baki biyu, har ta zama siffa ɗaya a duniya: rezar Masar tana shiga gidan rezar Jamus, ta Pakistan tana shiga na Sin. Abin da kowa zai iya ƙerawa kuwa ba ya kawo riba mai kauri.

Daga nan aka shiga tseren ƙara baki. A 1971 Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu a jere, a 1998 Mach3 mai uku, a 2006 Fusion mai biyar. Kowace da irin mariƙinta, kowace ta fi ta baya tsada. Bic kuma ya kawo ta roba wadda ake yarwa gaba ɗaya a 1975. Ba a cewa babu fasaha a cikin waɗannan kaya, akwai ta. Tambayar ita ce fasahar wa take yi wa aiki.

Ga yadda reza mai baki da yawa take aski. Bakin farko yana kama gashi ya ɗan ja shi waje, na biyu da na uku su yanke shi kafin ya koma. Gashin sai ya nutse ƙasa da saman fata, fuska ta yi sumul kamar ta jariri. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan ba ya cika zama matsala. Gashin baƙin mutum kuwa a murɗe yake tun daga tushe. Idan aka yanke shi ƙasa da fata, kuma da tsini, yana iya tsirowa ya lanƙwasa ya soki fatar daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Jiki yana ɗaukar sa kamar ƙaya, sai wurin ya kumbura. Su ne ƙurajen aski da ke cika ƙasan haɓa da wuya, masu ƙaiƙayi, masu barin baƙin tabo, a wasu ma su zama tudun tabo da ba ya bajewa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Ta kai a shekarun baya rundunar sojin Amurka ta daɗe tana ba wasu sojoji, akasarinsu baƙaƙe, takardar likita da ke ɗage musu dokar aske gemu kullum. A 2013 wani matashi baƙin Ba'amurke, Tristan Walker, ya kafa kamfani ya fito da kayan aski mai suna Bevel saboda masu irin wannan gashi, kuma abin da ya sayar musu gidan reza ne mai reza guda. A 2018 Procter & Gamble, wanda ya sayi Gillette tun 2005, ya saye kamfanin nasa. Shi kansa Gillette ya dawo da gidan reza kasuwa a 2020 cikin kayan da ya sa wa sunan King C. Gillette. Kamfani ba ya komawa ga abin da ya bari sai ya ga masu saye sun juya can.

Reza guda tana yanke gashi daidai saman fata, ba ta jan sa. Kuma a kowane ja baki ɗaya ne ke bin fatar, maimakon biyar. Wanda ya bi wuri ɗaya sau uku da Fusion ya kankare shi sau goma sha biyar ke nan.

Batun kuɗi kuma ya ƙara tsanani tun watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala da ake canzawa a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disambar 2023 Procter & Gamble ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya, ya koma shigo da su kawai. Duk abin da aka shigo da shi da dala yake tafiya. Ita ma reza mai baki biyu daga waje take zuwa, amma ɗan siririn ƙarfe ne a cikin takarda, babu roba, babu maɗauri na musamman, kuma kamfanoni da dama na gasa a kanta: Tiger, Nacet, Lord ta Masar, Treet ta Pakistan, Derby ta Turkiyya. Idan wannan ta yi tsada a koma waccan, gidan bai damu ba. Shi kuma gidan, idan na ƙarfe ne mai kyau, sau ɗaya ake saye. Akwai waɗanda aka ƙera shekara hamsin da suka wuce kuma har yau suna aiki.

Tsadar kan reza tana jawo wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Mutum yana jin nauyin yar da shi, sai ya yi ta amfani da shi wata biyu, wata uku, baki ya dakushe, tsakanin bakunan ya cushe da gashi da sabulu da matacciyar fata, a ajiye shi a banɗaki mai danshi. Da wannan ake bin fuska, da shi ake bin hammata da mara. Reza mai arha ba a jin zafin canza ta bayan aski uku ko huɗu, kuma gidan ana warware shi a wanke tas.

Sai dai a faɗi gaskiya, gidan reza yana bukatar koyo, kuma satin farko ba ya rasa ɗan jini. Rezar zamani kanta yana juyawa ya bi fuska da kansa, ta saba wa mutane dannawa. Wanda ya danna gidan ƙarfe haka zai yanke. Nauyinsa ya isa. Hannu jagora ne kawai. A jiƙa gashin da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, ko a yi askin bayan wanka. A sa kumfa sosai, ta sabulun aski ko man aski, domin busasshen aski shi ne uban ƙuraje. A karkata gidan kamar digiri 30 daga fata, a riƙa ja gajere-gajere, a bi inda gashi ya kwanta. Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi saɓawa: a wuya gashi yakan kwanta gefe ko ma sama, sai mutum ya shafa da yatsa ya gane. Kada a ja fata ta miƙe don neman sumul, domin yin haka yana maido da matsalar da aka gudo. Idan an gama a ɗauraye da ruwan sanyi. Alimun da ake tace ruwa da shi yana tsayar da jinin ƙaramin yanka, a jiƙa shi a goga, sannan a wanke a shafa mai.

Lokaci ma yana ci. Askin minti uku zai koma na minti goma, aƙalla da farko. Mai tafiya a jirgin sama kuma ya sani ba a barin reza tsirara a jakar hannu.

Haka nan ba kowa ne canjin zai warkar ba. Akwai mai fatar da ko wace irin reza ta taɓa sai ta yi ƙuraje. Irin wannan abin da likitocin fata suka fi ba shi shawara shi ne ya bar gashin ya tsiro na wasu makonni, daga baya ya riƙa ragewa da kilifa yana barin ɗan tsawo kamar milimita ɗaya. Ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda kan biyo bayan askin tal-kwabo, su ma ciwo ne na daban da ke bukatar asibiti, canza reza ba zai kawar da su ba. Mai yawan gemu da ya bar shi saboda sunna ba ya cikin wannan wahala sosai, amma shi ma yana gyaran fuska da wuya, yana kuma cire gashin hammata da na mara da addini ya ce kada a bar su su wuce kwana 40. A waɗannan wurare sai an ƙara natsuwa, kuma dogon gashi a fara rage shi da almakashi.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne inda tsohuwar reza take ƙarewa. A gidaje da yawa ana ajiye ta a kan taga ko bakin katanga, yaro ya ɗauka ya fiƙe fensir, wani ya yanke farce, wata ta tsaga zare. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Najeriya, yana bin jini, kuma ƙwayar cutar tana iya rayuwa a kan busasshen ƙarfe aƙalla mako guda. Reza ta mutum ɗaya ce, ko tsakanin wa da ƙani. Wannan ne ma dalilin da ya sa wanzamai da masu shagon aski da suka san aikinsu suke ɓare sabuwar reza a gaban mai aski. Wadda aka gama da ita kuma kada a jefa ta a kwandon shara haka nan, inda 'yan bola jari ke sa hannu ba safar hannu. A sami gwangwanin madara ko na tumatir mai murfi, a huda ɗan tsagi a sama, a riƙa zurawa ciki. Gwangwani ɗaya zai ɗauki rezar shekaru, idan ya cika a buga bakinsa a rufe, a ba masu sayen ƙarfe.