Ƙofa A Buɗe Ba Izinin Shiga Ba Ce

Kusan kullum a wannan shafi muna magana ne kan haƙƙinmu da ake dannewa. Yau kuwa ina so mu duba haƙƙin maƙwabta da ke wuyanmu.

Wata ɗabi'a ta shigo mana. Da magariba za ka ga samarinmu sun jeru a gindin katangar maƙwabci, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, saboda mai gidan bai sa wa na'urar waifai ɗinsa lambar sirri ba. Idan ka yi magana sai su ce ai ba su fasa komai ba, a iska suka tsinta.

To, ba tsintuwa ba ce. Data kuɗi ce, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya san zafin sayenta. Abin da yaronka ya ƙona a kallon bidiyo, daga aljihun wani ya fita. Malamanmu sun sha gaya mana cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. In ka iske ƙofar shagon wani a buɗe, shiga za ka yi ka ɗebi shinkafa?

Ta fuskar doka ma, dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya kutsa cikin kwamfuta ko layin sadarwar wani ba izini da nufin zamba. A Ingila kuwa, a 2005, kotu ta ci wani mutum tarar fam 500 kan hawa waifai ɗin wasu kawai. Sannan layin da ke cikin na'urar da sunan mai ita aka yi masa rajista. In wani ya yi damfara da shi, ƙofar mai gida jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa, shi kuma zai nuna yaran da ke zama a katangarsa.

A nan ne tsorona yake. Mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu, laifin yaro guda sai a ce na Hausawa ne duka. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, daga 'yar hatsaniya ya faro. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka iyaye, a ja wa yara kunne. Mai bukata ya yi sallama ya roƙa, ko a haɗa kuɗi a saya tare. In ka ga ta maƙwabci a buɗe, ka sanar da shi ya rufe. Kai ma mai na'ura, sa mata lambar sirri tun yau.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.